Na tsinci motocin wasanmu a adakar Inna: in yi musu fenti ko in bar su haka?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce gare ni ga masu tara tsofaffin motocin wasa na ƙarfe, in akwai su a nan. A yi haƙuri da tsawon bayani.

Ruwan da aka tafka a watan Agusta ya sa ɗakin mahaifiyarmu yoyo, dole muka kwashe mata kaya kafin a canza kwano. Da muka zo kan adakarta, irin ta ƙarfen nan mai zanen furanni da aka kai ta ɗaki da ita, can ƙasa ƙarƙashin tsofaffin atamfofi sai ga wani babban gwangwanin madara an ɗaure bakinsa da tsumma. Na girgiza na ji ƙarar ƙarfe, na zaci kwabban da ne masu huda. Ina buɗewa sai na zauna daɓas a kan tabarma. Motocinmu ne, ni da Yaya, guda goma sha bakwai.

Marigayi Baba direba ne a wani kamfanin sayen gyaɗa. Duk Sallah, in an gama da tela, sai ya biya kantin Kingsway ya sayo mota ɗaya tak, mu biyu mu yi ta rabon faɗa a kanta. Ya fara saya wa Yaya tun ana kashe sule, ni na taso na tarar ana biya da kobo. Wata rana muka wayi gari babu su. Shekara arba'in da wani abu ke nan muna zargin wani yaron maƙwabtanmu, wanda yau Alhaji ne har da jikoki. Na ɗaga gwangwanin na ce, Inna, wannan fa? Ko a jikinta. Ta ce, "Ni na ɓoye. Kullum sai kun fasa wa juna baki a kansu. Na ce in kun yi hankali na ba ku, sai na manta."

Yawancinsu ƙanana ne, tsawon ɗan yatsa, a ƙasansu an rubuta "Made in England by Lesney". Akwai Land Rover koriya mai lamba 12 da kaya masu ruwan ƙasa a kan rufinta, kuma har yanzu ga shatin haƙoran ƙanwarmu a jikin kayan. Akwai babbar motar Marsandi da rumfarta ta ɓata, da jar bas mai hawa biyu, da motar asibiti. Biyu daga cikinsu tayoyinsu daban ne, an rubuta Superfast, su ne muke tsere da su a kan dakalin ƙofar gida. Sai wata da ta fi su girma da nauyi, Fijo 404, an rubuta Dinky Toys da "Made in France", tayarta ɗaya babu. Wannan kawunmu ne ya kawo ta tsaraba daga Maraɗi, tare da wasu uku ƙirar Majorette. Akwai kuma wata tifa marar suna, "Hong Kong" kawai aka sa mata, duk jikinta ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani.

To ga ɓarnar da na riga na yi. Motar asibitin ta yi dauɗa, sai na karɓo tina wajen wani mai fenti a layinmu, na ɗiga a tsumma na goga. Kafin in ankara shuɗin gilashinta ya yi fari fat kamar idon da yana ta rufe, jan tambarin da ke jikin ƙofa kuma ya biyo tsumman. Garin gyaran gira na tsone ido.

Yanzu mai fentin ya ce in kawo su duka ya kankare ya fesa musu sabo, su dawo kamar yau aka fito da su daga kanti. Ɗana kuma ya leƙa kasuwar intanet ta eBay ya ce wai kuɗi ne muke zaune a kai, in sayar. Uwargida ta ce a ba jikoki su yi wasa, ai don haka aka yi su. Ni kuwa na rasa ta cewa. Me kuka gani?

Tsohon Akawu, Kaduna:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Fagge, kafin komai: mayar wa mai fenti tinarsa, kuma kar ka bari ko ɗaya ta kwana a shagonsa. Na fi shekara talatin ina tara waɗannan abubuwa, tun matata na cewa na zare har ta haƙura ta saya mini durowar gilashi. Fentin da aka yi a masana'anta sau ɗaya ake yinsa. Mota mai ƙujewa da fentinta na asali ta fi wadda aka sake fesawa daraja a wajen duk mai tarawa, komai ƙyallin sabuwar. Kuma ba a ɓoye gyara. Juya motar ka dubi ƙusoshin nan masu faffaɗan kai da suka manne gindi da jiki. Ba a raba su sai an huda da dirila, wanda ya san abin kuma da kallo ɗaya zai gane an taɓa buɗe ta.

Rubutun da ka karanto ya riga ya faɗa maka shekarunsu. Lesney sunan kamfanin ne, wasu abokai biyu, Leslie Smith da Rodney Smith, suka haɗa farkon sunan ɗaya da ƙarshen na ɗayan suka kafa shi a Landan a 1947. Ba 'yan'uwa ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Daga baya Jack Odell ya shigo, shi ne gwanin ƙera mazubi. Makarantar 'yarsa ba ta yarda yara su zo da abin wasan da ya fi ƙarfin kwalin ashana ba, sai ya ƙera mata 'yar ƙaramar motar daɓe titi da za ta shige ciki. Daga nan sunan Matchbox ya samo asali, wato kwalin ashana, aka fara sayar da su a 1953, kuma motar daɓe titin ita ce mai lamba 1. Lambobin suka yi ta hawa har suka tsaya a 75. In za a fito da sabuwar mota sai a janye wata tsohuwa a ba ta lambarta, shi ya sa za ka ga mota uku ko huɗu mabambanta duk suna amsa lamba 12. Taka mai kaya a rufi ita ce Safari, ta fito a 1965, da kore aka fara kafin a koma shuɗi. Ka ga ta yi daidai da zamanin sule da ka ambata.

Abu na biyu da ake dubawa taya ne. Na farkon farko tayar ƙarfe gare su, sai aka koma roba mai ruwan toka, sannan baƙa mai ƙananan tsaga a baki, a kan sandar ƙarfe mai kauri. A 1968 Mattel na Amurka ya fito da Hot Wheels masu siririyar waya a madadin sanda, ka ɗan tura su sai su tsere kamar an kore su. Yara suka juya wa na Ingila baya, dole Lesney ya fito da Superfast a 1969. To biyun da kuke tsere da su ba za su girmi wannan shekarar ba, kuma ba za su wuce farkon shekarun 1980 ba, don a 1982 kamfanin ya durƙushe, wani kamfanin Hong Kong mai suna Universal ya saye shi, aikin ya koma Macau, daga baya Tailan da Sin. Yau sunan yana hannun Mattel ɗin da ya ba su wahala, tun 1997.

Batun wanki kuwa, tsohon buroshin haƙori mai laushi ya ishe ka, busasshe, ka bi lungu-lungu. Inda dauɗa ta kafe, jiƙa audugar goge kunne da ruwa mai ɗan sabulu kaɗan, ka goga a hankali, ka kauce wa duk inda tambari yake, ka tsane nan take. Kar ka tsoma su cikin ruwa, sandar taya ƙarfe ce mai tsatsa, kuma ruwan da ya shige ciki ba ya fita da wuri. Fetur, kananzir, tina, man birki, duk ka nisanta su da su.

Mai Feshi, Ƙofar Ruwa:

Baba Akawu, da girmanka, amma kun cika tsananta wa masu fenti. Ni sana'ata ce, motocin gaske nake fesawa, waɗannan kuma nishaɗina ne ran Juma'a da yamma. Ina tsintarsu wajen masu dilar kayan wasan gwanjo, wani lokaci a tulin 'yan gwangwan, sun yi kaca-kaca, ba fenti ba taya. Wannan wace daraja ta rage mata da zan lalata? In huda ƙusar, in fitar da gilashi da kujeru in ajiye gefe, in kankare jikin, in sa farin shafe na ƙasa, in fesa launi siriri sau biyu, in mayar da ita da ɗan ƙaramin noti. Wanda ya gani sai ya yi murmushi.

Amma gaskiya ɗaya ce, wanda ya ba ka tina ka goge gilashin roba bai kyauta ba. Tina cin roba take. In farin a sama-sama ya tsaya, gwada man goge baki, farin nan na gargajiya, a kan auduga, ka yi ta murzawa a hankali kamar kwana uku kana komawa. Wani lokaci yana dawowa rabi. In ya ci ciki sai haƙuri.

Shawarata, Yallaɓai: Land Rover mai haƙoran Hajiya ƙanwarka kar wanda ya taɓa ta, ko ni ka kawo wa ba zan karɓa ba. In hannunka na ƙaiƙayin fenti, je ka sayi ta gwanjo ka koya a kanta.

Ɗan Damagaram:

Gaisuwa ga mutanen Kano. Ni 404 ɗin nan ce ta tsayar da ni. Ɗan'uwa, ita ce uwar garken, ka riƙe ta da kyau.

Dinky asalinsa na kamfanin Meccano ne, na Frank Hornby, a Liverpool, an fara shi a 1934, amma a da suna da reshe a Faransa, a Bobigny kusa da Paris, inda aka fi ƙera motocin Faransa, su Peugeot da Citroën da Renault. Shi ya sa ku a Najeriya kuka tashi da na Ingila, mu a nan na Faransa muka sani. Duk wanda ya yi lekol, wato makarantar boko, a zamaninmu ya san Majorette, ita ce ake ba wanda ya zo na ɗaya in ubansa ma'aikaci ne. Sauranmu motar kara muke yi da ta gwangwanin sardin, mu yanka silifa mu yi taya. Émile Véron ne ya kafa Majorette a 1961 a gefen birnin Lyon, 'yan gidansu kuma su ne suka kafa kamfanin motocin wasa na Norev, wanda in ka karanta shi daga baya zuwa gaba sunan gidan ne, Véron. Duba ƙasan naka ukun. In "Made in France" ne to tsofaffi ne, don daga baya aikin ya koma Tailan. Danna rufin ɗaya da yatsa ka saki, za ka ji tana lotsawa tana dawowa kamar mai sifirin na gaske, wannan shi ne abin da ya sa muke son su.

Tayar Dinky roba ce da ake cirewa a mayar, shi ya sa take ɓata, kuma ana sayar da sababbi na maye a intanet, sai dai ka auna faɗin ɗaya daga cikin waɗanda suka rage da rula kafin ka yi oda. Sa sabuwar taya ba ya cikin gyaran da ake ƙi, tun da ba a huda komai. Ka ajiye tsofaffin ukun ko da sun bushe.

Gargaɗi ɗaya, don ni na ɗebo da zafi. Na daɗe ina neman Dinky 504, saboda irinta mahaifina ya yi taksi da ita tsakanin Damagaram da Kano, ta Kaduna ce ma, daga masana'antar da aka buɗe a 1975. Wani mai sayarwa a intanet ya sa hoton wata fes a kwalinta mai ruwan ɗorawa, na tura jikkunan da ba zan faɗa ba don kar iyalina su karanta. Da ta iso na juya ta, sai ga "Made in China" da sunan Atlas da na Mattel a ƙasa. Ashe sabon bugu ne da aka sake yi da izini a shekarun baya-bayan nan, har kwalin an kwaikwaya. Motar ba ta da laifi, kyakkyawa ce, mai sayarwar ne ya ƙi ɗaukar hoton gindinta. Tun daga ranar duk wanda bai nuna mini ƙasan mota ba, ko sisi.

Maman Biyar:

Ni ba mai tarawa ba ce, maigidana ne, ni ce dai mai share ƙura. Ina goyon bayan uwargidanka a abubuwa da yawa amma ban da wannan. Kar a ba ƙananan jikoki. Tayoyin nan da suka bushe ɓallewa suke, yaro ya kai baki, ga shi ba ka san abin da ke cikin fentin da ba, wasu fentocin zamanin akwai dalma a ciki. A saya musu sababbi, suna nan cike da kasuwa.

Wajen ajiya kuma, kar ka jera su a bakin taga. Namu wata ja ta koma kalar tumatirin da ya kwana biyu a rana, gefe ɗaya kawai. Kar kuma a ɗora su saman silin ko ƙarƙashin kwano, zafin Afrilu lanƙwasa gilashin roba yake. Durowa mai murfi saboda ƙurar hunturu, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi saboda damina, kowace mota da wurinta kar su riƙa gogar juna. Gwangwanin Inna ma ya yi ƙoƙari, duhu da rufi ne suka kai su yau.

Sannan Malam, ban ji ka ce ka gaya wa Yayanka ba. Ka ce shi aka fara saya wa. Kar Inna ta sake ƙwacewa.

Tsohon Akawu, Kaduna:

Hajiya ta faɗi gaskiya, Mai Feshi ma ban ƙi tasa ba in dai a kan gawar gwanjo ne.

Na manta da tifar da ta tsattsage. Waɗannan motoci ba ƙarfe ba ne irin na maƙera, gami ne da ake narkawa a ɗura a mazubi da matsi, mafi yawansa tutiya, da ɗan alminiyam da magniziyam da jan ƙarfe. Ana ce masa zamak, a Ingila kuma mazak. Kara maganaɗisu a jikin Land Rover, ba zai kama ba sai a sandar taya. A 404 kuwa zai kama farantin ƙasa, don shi kwano ne. To in dalma ta gauraya da gamin nan lokacin narkawa, ko da ƙanƙanuwa ce, bayan shekaru sai ƙarfen ya fara kumbura daga ciki, ya tsage, ƙarshe ya marmashe a hannu kamar ƙuli-ƙuli. Laima tana ƙara masa sauri. An fi saninsa a Dinky na kafin Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma kayan ƙananan kamfanoni masu araha da ba su damu da tace gami ba. Ba ya warkewa, ba ya kuma yaɗuwa zuwa sauran. Sa ta a ɗan kwali da auduga, ka rage taɓa ta, shi ke nan.

Shi kuma ɗanka, ka ce masa ya sake dubawa. Kuɗin da mutum ya rubuta yana nema daban, wanda aka saya daban. Manyan kuɗin da ake jin labari na motar da ba a taɓa wasa da ita ba ce, tana cikin kwalinta na asali, ko wadda aka yi da wani launi ko wata taya da ba a buga da yawa ba. Sau da yawa kwalin kaɗai yana kai darajar motar. Lesney kuwa miliyoyi ya riƙa bugawa, don haka Matchbox mai ƙujewa marar kwali fam kaɗan ce a can, in ka cire kuɗin aikawa ba lalle ka ga na cefane ba. A cikin naka 404 ce za ta ɗan yi magana. Ni dai ban ga abin sayarwa a gwangwanin nan ba, amma in Yayanka ya matsa, ka fara yi mini magana kafin eBay.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba Akawu, ka ce ba abin sayarwa kuma ka sa kanka a layi, na gani.

Na bi maganarku. Jiya bayan La'asar na shimfiɗa tawul na bi su ɗaya bayan ɗaya da buroshi. A cikin bas ɗin nan mai hawa biyu na zaro busasshen ƙwallon magarya da tsinken tsintsiya, ƙila ni na cusa su a matsayin fasinja. Majorette ɗin duka ukun na Faransa ne, ɗaya ma 504 ce fara, Ɗan Damagaram, amma kar ka sa rai. Motar asibiti na yi mata man goge baki sau biyu, gilashin gaba ya ɗan washe, na gefe ya ƙi. Da na buɗe ƙofarta ta baya sai na ga ashe ɗan majinyacin nan na roba yana nan kwance a kan gadonsa, shekara arba'in yana jiran likita, likitan kuma da ya zo tina ya zuba masa.

Hajiya Maman Biyar, na kira Yaya. Daga Zariya ya taso a ranar, mutumin da sai ya yi wata uku bai leƙo ba. Yana shigowa ko zama bai yi ba ya ɗauki Land Rover ya ce tasa ce, ranar da aka sayo ta ban ma iya tafiya ba. Na ce to ai ni na yi jinyarta. Murya ta fara tashi, sai muka ji Inna daga ɗaki tana cewa a miƙo mata gwangwaninta. Yanzu dai an yi sulhu: ya tafi da Land Rover da Marsandi, sauran suna wurina, bas ɗin kuma Inna ta ce a bar mata a kan rediyonta.

Alhajin da muka zarga ma mun je mun same shi bayan sallar Isha, Yaya ya yi masa bayani muka nemi afuwa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce gwangwanin dai bai ɗauka ba, amma rumfar Marsandin nan shi ya cire, ya yi ta ajiyarta har ta ɓata a wani tashi da suka yi.

Tayar 404 na auna ɗaya daga cikin waɗanda suka rage, sai dai ta bushe ta ɗan tsage, ban yarda da abin da rula ta ba ni ba. Ɗan Damagaram, daga baki zuwa baki ake aunawa ko ramin ciki? Kuma baƙa zan nema ko fara, don na ga ana sayar da kala biyu.